Malamin Makarantar da Ya Zama Shugaban Ƙasa: Alhaji Shehu Shagari da Ƙuri'armu ta Farko

  

Abin da ya jawo zancenmu na yau, wani taron suna ne da aka yi a unguwarmu, nan Ƙofar Taramniya. Muna zaune tsakar gida ana rabon abinci, sai wata yarinya da ta gama sakandare ta ce ita fa kullum tana jin sunan Shagari, ga makaranta da sunansa, ga gidaje ana ce musu gidajen Shagari, amma har yau ba ta san abin da mutumin nan ya yi ba. Kafin kowa ya buɗe baki sai wata tsohuwa da ke gefe tana jan carbi ta ɗago kai ta ce, "Ɗiyata, ai wanga da kika faɗi, shi na fara jefa ma ƙuri'a. Kahin shekarar nan ba mu san mi a ƙuri'a ba, sai dai mu ji maza na faɗi." Yaran suka yi dariya, sun ɗauka raha ce irin ta tsofaffi. To ba raha ba ce. Matar Arewa ba ta taɓa zaɓen shugaban ƙasar nan ba sai a 1979, kuma wanda ya ci wannan zaɓen ɗan ƙasar Sakkwato ne. Saboda haka yau za mu bi tarihin siyasar Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato, mu ga ta ina ya hau, me ya yi, ina aka samu tangarɗa, sannan mu ga abin da wannan tarihi zai amfane mu da shi ranar da muka sake tsayawa a layi.

An haifi Shehu Shagari ran 25 ga Fabrairu, 1925, a garin Shagari da ke kan hanyar Jega idan an wuce Boɗinga. Mahaifinsa Aliyu shi ne Magajin Shagari, kuma ya rasu tun Shehu yana ƙaramin yaro. Ya fara da makarantar allo kamar kowane ɗa, daga nan aka kai shi elementare a Yabo a 1931, sai Midil ta Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna, wadda yanzu muka sani da Barewa, inda ya gama a 1944. Da ya fito sai ya kama aikin koyarwa. Ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, daga baya kuma ya zama hedimasta a Argungu. Ku riƙe wannan, domin mutumin da za mu ga ya riƙe baitulmalin ƙasa, da alli ya fara.

A wancan zamani malaman makaranta su ne 'yan boko, su ke karanta jarida, su ke jin abin da duniya take ciki. Shi ya sa siyasar Arewa ta tsiro daga hannunsu. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne, Malam Aminu Kano malami ne, Sardauna kansa ya yi koyarwa a Rabah. Shagari da abokansa sun fara da 'yar ƙungiyar matasa ta tattaunawa a nan Sakkwato, da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, sai ya zama sakatarenta na Sakkwato a 1951. A 1954 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta tarayya, ya tafi Ikko yana da shekara 29. A 1958 Tafawa Ɓalewa ya ɗauke shi sakatarensa na majalisa. Daga nan har zuwa 1966 bai rabu da kujerar minista ba: ya riƙe raya tattalin arziki, ya riƙe ma'aikatar da ke kula da ma'aikata da fansho, ya riƙe harkokin cikin gida daga 1962 zuwa 1965, sannan ayyuka. A 1962 ne kuma Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato.

To a duk wannan tsawon lokaci ina mata suke? Muna gida. Matan Kudu sun samu 'yancin jefa ƙuri'a tun cikin shekarun 1950, kuma sun yi zaɓen tarayya na 1959. A Arewa maza ne kawai. Jam'iyyar NPC, wadda Shagari yake ciki, matsayinta shi ne lokaci bai yi ba. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ita ce ta dage a kan a ba mata, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Ba don mu zagi magabata muke faɗin haka ba, kowane zamani da yadda mutanensa suke kallon abu. Amma ya kamata yaranmu su san cewa katin nan da ake jefarwa a ƙasan akwati tare da tsofaffin rasit, akwai matan da suka kwana gidan yari kafin ya zo hannunmu.

Ran 15 ga Janairu, 1966, soja suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da wasu manya. Shagari ya tsira, ya dawo gida. A nan akwai abin lura. Mutumin da ya yi shekaru yana minista bai ga ƙasƙanci ba ya koma aikin ilimi na lardi. Ya zama sakataren wani asusu na raya ilimi a Lardin Sakkwato, wanda ya tara kuɗi daga jama'a aka gina makarantu. Daga baya ya zama kwamishina a Jihar Arewa maso Yamma. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, Janar Yakubu Gowon ya kira shi Ikko ya ba shi aikin farfaɗo da wuraren da yaƙi ya lalata, a 1971 kuma ya gaji Cif Obafemi Awolowo a kujerar kwamishinan kuɗi na tarayya, ya riƙe har 1975 da aka kifar da Gowon. Ya sake dawowa gida, a 1976 ya shiga majalisar ƙaramar hukuma. Daga nan aka tura shi majalisar da ta tattauna sabon tsarin mulki a 1977 da 1978.

Wannan sabon tsarin mulki shi ne ya canza abubuwa uku da suka shafe mu har gobe. Na farko, ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa, mace ko namiji, 'yancin zaɓe, bayan an fara buɗe wa matan Arewa ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Na biyu, ya mai da shekarun zaɓe 18. Na uku, ya raba mu da tsarin firaminista irin na Ingila, ya kawo tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka.

Bari in ɗan tsaya a nan, don da yawa cikinmu muna jin ana cewa firaminista, ana cewa shugaban ƙasa, ba mu san bambancinsu ba. A tsarin firaminista, ke ba ki zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye. Ɗan majalisa kike zaɓa, su kuma 'yan majalisa su fitar da shugaba daga cikinsu, kuma ranar da suka juya masa baya ya sauka. Haka Tafawa Ɓalewa ya yi mulki, Dokta Azikiwe kuwa yana matsayin uban ƙasa, ba ya taɓa aikin yau da kullum. Har yanzu ƙasashe da yawa haka suke yi. Ga misali daga wata 'yar ƙaramar ƙasa a arewacin Turai mai suna Estoniya, wadda mutanenta duka ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Akwai wata lauya a can, Kaja Kallas, ta shiga majalisa a 2011, ta zama shugabar jam'iyyarta a 2018. A zaɓen 2019 jam'iyyarta ta fi kowace samun kujeru, 34 cikin 101, amma sauran jam'iyyu suka haɗa kai suka kafa gwamnati ba da ita ba. Sai a Janairun 2021, da wannan haɗaka ta watse, ta zama firaminista, mace ta farko a tarihin ƙasarsu, ta riƙe har 2024. Kun ga a can lissafin kujeru ne. A namu tsarin kuwa, tun daga 1979, babban yatsanki shi ke zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, ba wani ɗan aike a tsakani.

Da soja suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, aka yi wa jam'iyyu biyar rajista. Akwai NPN mai alamar gida da masara, akwai UPN ta Awolowo, NPP ta Azikiwe, PRP ta Malam Aminu Kano mai alamar mabuɗi, da GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim. Shagari yana cikin waɗanda suka kafa NPN, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa kujerar sanata yake nema, abokai ne suka matsa masa. A babban taron jam'iyya na Disambar 1978 ya kara da manya irin su Alhaji Maitama Sule da Malam Adamu Ciroma, ya zo na ɗaya, sauran suka janye masa. Ya ɗauki Dokta Alex Ekwueme, Inyamuri, mataimaki, shekara tara kacal bayan yaƙin basasa.

Zaɓen 1979 sau biyar aka fita. An fara da na sanatoci ran 7 ga Yuli, aka bi da na wakilai, da na majalisun jihohi, da na gwamnoni, sannan na shugaban ƙasa ran 11 ga Agusta. Tsohuwar nan ta gidan suna ta ce abin da ba ta mantawa shi ne tawadar da ta kwana a yatsanta, da yadda suka fita su huɗu daga gida ɗaya, lulluɓe, yaro yana gaba yana nuna musu hanya. Ta ce maigidansu ya gaya musu inda za su dangwala, su kuma ba su tambayi dalili ba. Na ce mata, "Inna, to yanzu fa?" Ta ce yanzu kam sai ta ji bayani.

Da aka ƙidaya, Shagari ya samu ƙuri'a kusan miliyan 5 da dubu 700, Awolowo ya samu miliyan 4 da dubu 900 da ɗoriya. Amma rinjaye kaɗai bai isa ba. Tsarin mulki ya ce dole wanda zai zama shugaba ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, don kada wani ya hau da ƙuri'ar yankinsu kawai. A lokacin jihohi 19 ne. To ku yi lissafi da ni, kamar muna rabon hatsi. Idan kina da kwano 19 aka ce ki ba da kashi biyu cikin uku, kwano 12 za ki auna, sannan ki raba na goma sha uku gida uku ki ba da biyu. Shagari ya cika sharaɗi a jihohi 12 cif. Jiha ta goma sha uku ita ce Kano, inda Malam Aminu ya kwashe kusan komai, Shagari ya samu ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari, bai kai 25 ba.

Awolowo ya ce jiha ba hatsi ba ce da za a gutsura, kashi biyu cikin uku na 19 sai a cika shi 13, saboda haka ba wanda ya ci, a je zagaye na biyu. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya ce a'a, sha biyu da biyu bisa uku doka ta ce. Ƙuri'un Kano wajen miliyan 1 da dubu 220 ne. A ɗauki kashi biyu cikin uku nasu, wato wajen dubu 814, rubu'in wannan bai wuce dubu 204 ba, Shagari kuwa yana da dubu 243. Hukumar zaɓe ta lokacin, FEDECO, ta bi wannan lissafi. Aka je har Kotun Ƙoli, ran 26 ga Satumba ta tabbatar da Shagari, alƙali ɗaya, Mai Shari'a Kayode Eso, bai yarda ba. Ran 1 ga Oktoba, 1979, Janar Olusegun Obasanjo ya miƙa masa mulki. 'Yan'uwa, ku dubi tazarar nan. Ƙuri'a dubu arba'in a jiha ɗaya ta raba gardamar shugabancin ƙasa. Wannan sharaɗi na rubu'i a kashi biyu cikin uku na jihohi yana nan har yau a tsarin mulkinmu. Duk wadda ta ce ƙuri'arta guda ba ta ƙara komai, a ba ta wannan labari.

Shagari ya hau ba da ƙarfi sosai ba. NPN tana da gwamnoni 7 ne cikin 19, ciki har da Alhaji Shehu Kangiwa na Sakkwato. Kano da Kaduna suna hannun PRP, Abubakar Rimi da Balarabe Musa. A majalisar dattawa kujeru 36 take da su cikin 95, a ta wakilai 168 cikin 449. Dole ta ƙulla yarjejeniya da jam'iyyar Azikiwe, aka raba muƙamai, wannan auren kuma bai wuce 1981 ba ya mutu.

Me ya yi da mulkin? Alamar jam'iyyarsa ita ce alƙawarinsa: gida da abinci. Ya kawo shirin gina gidaje masu sauƙin kuɗi a kowace jiha, su ne gidajen Shagari da yarinyar nan take tambaya. An gina dubbai, amma ba a kai adadin da aka yi niyya ba, wasu kuma an gina su can bayan gari inda ba ruwa ba hanya, suka daɗe ba kowa. A 1980 ya ƙaddamar da shirin bunƙasa noma, aka raba taki da iri da taraktoci. Ya tura aikin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta gaba, aka buɗe ta Aladja a 1982. Ya kafa jami'o'in fasaha na tarayya, ya hanzarta ginin Abuja. A 1981, bayan yajin aikin gama-gari, aka tsayar da mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata, a lokacin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja. Ya yi wa Janar Gowon afuwa, ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida a 1982. A ɓangarenmu kuma, shi ne ya fara naɗa mace cikakkiyar minista a gwamnatin tarayya, Cif Adenike Ebun Oyagbola, ya ba ta ma'aikatar tsare-tsaren ƙasa, ga kuma Madam Janet Akinrinade ƙaramar minista. A zaɓen 1983 Franca Afegbua ta jam'iyyarsa ta zama mace ta farko da aka zaɓa sanata.

Wannan gefe ɗaya ke nan. Idan muka tsaya a nan mun yi kirari ne, ba mu yi bayani ba. A watan Janairun 1980 ma'aikatar cikin gida ta kama shugaban masu rinjaye na majalisar Jihar Barno, Alhaji Shugaba Darman na GNPP, ta kai shi Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. A watan Afrilun shekarar, a nan ƙasarmu, manoman Bakolori kusa da Talata Mafara, waɗanda madatsar ruwa ta cinye musu gonaki, suka tare hanya suna neman diyya. 'Yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da wani abu suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Mata da yawa sun zama zawarawa a wannan rana, kuma ƙasar tana cikin Jihar Sakkwato ne a lokacin, kafin a cire Zamfara a 1996. A Disamba kuma rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka fiye da dubu huɗu.

Amma abin da ya fi karya gwamnatin shi ne mai. A lokacin, fiye da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da ƙasar nan take samu daga waje, daga man fetur yake fitowa. A 1980 ganga tana kusan dala 40, muna haƙo wajen ganga miliyan biyu a rana. Daga 1981 mai ya yi yawa a kasuwar duniya, farashi ya fara sauka, masu saye suka ja baya, abin da muke haƙowa ya ragu ƙwarai. Ku ɗauka gida ne da maigida ke da sana'a ɗaya tal, kuma an saba komai daga kasuwa ake sayowa, har shinkafa da madara da sabulu. Ranar da sana'ar ta tsaya, tukunya ce take fara sani. A Afrilun 1982 gwamnati ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya. Masana'antun da suka dogara da kayan waje suka fara sallamar ma'aikata, jihohi suka kasa biyan malaman makaranta watanni, kayan masarufi suka yi wuya.

A nan ne kuma lasisin shigo da kaya ya zama abin rabo. Gwamnatin da ta ce a koma gona ita ce kuma take shigo da shinkafa jirgi-jirgi, ta kafa kwamiti na musamman a kan shinkafa ƙarƙashin ministan sufuri, Alhaji Umaru Dikko. Wanda yake da hanya a jam'iyya sai ya samu takarda, ya sayar wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya ɗora ribarsa, kafin buhu ya iso kasuwar Sakkwato ya ninka. Manomin fadama kuwa ba ya iya gasa da shinkafar waje. A Janairun 1983 aka kori baƙin da ba su da takardu, fiye da mutum miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana, har da 'yan'uwanmu na Nijar da Cadi. Jakar nan mai ratsi-ratsi da muke zuba kayan biki, daga nan ta samo sunanta.

Duk da haka aka shiga zaɓen 1983. Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilu kafin zaɓen. A watan Agusta aka bayyana Shagari ya ci da ƙuri'a fiye da miliyan 12, NPN kuma ta kwashe akasarin jihohi. 'Yan adawa suka ce maguɗi ne, a Jihar Ondo har aka yi ƙone-ƙone da kashe-kashe, daga baya kotu ta mayar wa UPN kujerar gwamnan. Wata uku da rantsar da shi karo na biyu, ran 31 ga Disamba, 1983, aka wayi gari da muryar Birgediya Sani Abacha a rediyo. Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaba. Da yawa sun yi murna a ranar, amma ƙuri'ar da muka samu a 1979 ba ta sake naɗa shugaban ƙasa ba sai 1999. An yi zaɓe a 1993, soja suka soke shi.

An tsare Shagari wajen shekara biyu da rabi. A 1986, zamanin Janar Babangida, kwamitin bincike ya ce bai same shi da laifin cin dukiyar jama'a ba, aka sake shi, aka hana shi siyasa, ya koma garinsu. Ya rayu shekara talatin da biyu bayan haka a matsayin dattijo, ya rubuta tarihin rayuwarsa ya fito a 2001, ya rasu a Abuja ran 28 ga Disamba, 2018, yana da shekara 93, aka kai shi Shagari aka rufe. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, da sauran magabatanmu.

To 'yan'uwa, me za mu ɗauka mu kai ɗaki? Abu na farko, mutumin nan ba daga sama ya faɗo ba. Malami, sakataren jam'iyya, ɗan majalisa, minista, kwamishina, kansila, shekara kusan talatin ana ganinsa kafin ya nemi babbar kujera. Wanda ya zo neman ƙuri'arki, ki tambaya wane aiki ya taɓa riƙewa, kuma yaya ya bar shi. Mutanen garinsu sun sani, matan unguwarsu sun fi kowa sani.

Na biyu, har abokan hamayyar Shagari sun shaide shi da haƙuri da sauƙin kai da tsabtar hannu. Amma tsabtar hannunsa ba ta hana na kusa da shi yin yadda suka so ba, kuma wannan shi ne babban abin da ake tuhumarsa da shi. Ko a gida, uwargida mai kirki da ba ta iya tsawata wa yara, rumbunta ba ya kai damina. Saboda haka kada ki tsaya a kan mutumin kirki ne. Ki duba su wa ke zagaye da shi, su wa suka kashe masa kuɗi, domin su ne za su zo karɓar bashi.

Na uku, siyasa tana shigowa har madafa ko ba ki gayyace ta ba. Farashin gangar mai da takardar shigo da shinkafa su suka yanke wa iyayenmu yawan abin da za su auna a 1982. Wadda ta karɓi taliya da sabulu da turmin atamfa ta dangwala, kayan za su ƙare cikin mako, wanda ta zaɓa kuwa yana nan shekara huɗu yana yanke hukunci a kan asibitin haihuwa da makarantar 'ya'yanta da ruwan famfo.

Na ƙarshe, fiye da shekara arba'in da fara zaɓenmu, har yanzu mun fi yawa a layi, mun fi ƙaranci a kujera. A majalisar dattawan da aka rantsar a 2023, mata ba su wuce huɗu ba cikin 109. Mu kuwa a Sakkwato ba baƙi ba ne ga jagorancin mata. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata tun kafin a san boko. Idan 'yarki tana da kai, ki bar ta ta yi karatu. Idan wata 'yar'uwa mai mutunci ta fito neman kansila, kada mu zama mu ne na farko wajen yi mata baki.

Kafin mu rabu, wadda ba ta da katin zaɓe, ko ya ɓata, ko ta yi aure ta canza unguwa, ta nemi izinin maigida ta je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarsu idan an buɗe rajista, ba a biyan ko kwabo. 'Yan matan da suka cika 18 su ma a tura su. Wadda kuma take da tsohuwa a gida da ta ga zaɓen 1979, ta zauna da ita yau da dare ta tambaye ta yadda aka yi, yara su ji daga bakinta.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko da wasiƙarta kamar yadda aka saba. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.